Maɓallin F4

Litinin, 3 ga Maris

Sun ji ni. Wannan ne gaskiyar abin, gara in rubuta shi yadda ya faru.

Intabiyun neman aiki ta bidiyo, mutum uku a allo. Mai waldan da ke ƙarƙashin ɗakina ya kunna injin yankan ƙarfe, na danna F4, maɓallin kashe makirufo. 'Yar fitilarsa ta kama, ja. Na sauke numfashi na ce, "Wayyo, na shiga uku, wannan tambayar ban san ta ba." Matar da ke tsakiya ta gyara tabarau ta ce, "Muna jin ka fa."

Na ƙarasa. Ban tuna yadda na ƙarasa ba.

Talata, 4 ga Maris

Ban fita ba. Na gwada maɓallan sama ɗaya bayan ɗaya. Na ƙara sauti da na rage sauti suna aiki. Na hasken allo suna aiki, sai dai da jinkiri. F4 kaɗai ne maƙaryaci: fitila tana kamawa, makirufo yana nan a buɗe. Tun da na cire tsohuwar manhaja na sa Linux a shekarar ƙarshe ta makaranta haka yake ke nan, ban sani ba, don ban taɓa buƙatar yin shiru a gaban kowa ba.

Yaya ta kira. Na bar wayar tana ruri a kan katifa. Ita ce ta ce wa Umma a bar ni in zo garin nan neman aiki, me zan ce mata?

Laraba, 5 ga Maris

Saƙo ya zo: sun sa ni a zagaye na biyu, ranar Litinin. Na karanta har na haddace. Ko tausayi ne, ko suna son su sake yin dariya. Ko ma mene ne, in F4 ya sake yi mini haka, shi ke nan.

Na san ana iya kashe makirufo da linzamin kwamfuta a cikin manhajar kiran. Amma in ana kallona, sai in nemi alamar in rasa. Maɓalli nake so, wanda zan danna ido a rufe.

Alhamis, 6 ga Maris

Na buɗe wata 'yar manhaja da ke nuna abin da kowane maɓalli ke aikawa. F3 ya aika sunansa. F5 ya aika. F4 ya aika lamba tsirara, ba suna, kwamfutar ba ta san me za ta yi da ita ba. Fitilar kuwa ashe ba ruwanta da Linux, ita da allon maɓallan ne suke sha'aninsu.

Na rubuta tambaya a dandalin masu amfani da Linux. Na gyara ta, na sake gyarawa, kada a ce ban yi bincike ba. Ba wanda ya amsa. An dai duba.

Na sauka sayen burodi. Mai shago ya ce, "Ashe kana gari?" Na amsa masa, na biya kuɗin burodin. Ina jin tun Litinin ban yi magana da ƙarfi ba.

Juma'a, 7 ga Maris

Wani mai kiran kansa Tsohon Direba ya amsa. Ban san ƙasarsa ba. Ya ce in ƙirƙiri ƙaramin fayil da zai gaya wa kwamfutar cewa lambar nan tana nufin kashe makirufo, ya ba ni layukan. Na kwafa, na share wani ɗan fili, gurbin harafi ɗaya, da na gani a farkon layi na biyu don ya yi mini kama da kuskure, na sake kunna kwamfutar.

Babu canji.

Asabar, 8 ga Maris

Babu canji. Mai walda yana waƙa yana yanka ƙarfe.

Lahadi, 9 ga Maris

Na liƙa wa Tsohon Direba fayil ɗina yadda yake. Ya ce, "Ina filin da ke farkon layi? Ba ado ba ne, in babu shi ba a karanta layin. Kai mai tsafta ne, na gani." Na mayar da filin. Na danna F4, alamar makirufo mai layi a kai ta fito a allo, karon farko.

Amma alama ma ai fitila ce. Na yarda da fitila sau ɗaya. Na naɗi muryata na saurara, shiru ya fito inda ya kamata, sai dai naɗi ba kira ba ne. Dole sai da mutum a ɗaya gefen, mai kunne, wanda zai ce ya ji ko bai ji ba.

Na duba lambobin wayata har ƙasa. A garin nan akwai mai gidan da nake haya, akwai mai kawo ruwa, shi ke nan.

Na kira Yaya ta bidiyo.

"Auta! Kai ne ko fatalwarka? Umma, zo ki ga ɗanki ya rame kamar tsinken tsintsiya."

Na ce gwaji kawai nake so. Zan danna maɓalli in yi magana, ta gaya mini ko ta ji. Ta ce, "Injiniya guda, sai da maɓalli ya lalace ka tuna da mu. To danna."

Na danna. Na ce, "Ɗaya, biyu, uku." Tana kallona tana girgiza kai. Sai na ci gaba, tunda ba ta ji. Na faɗi abin da ya faru ranar Litinin, da ɗakin nan, da yadda nake cin abinci a tsaye. Na sake dannawa.

Ta ce, "Ko kalma ɗaya ban ji ba, maɓallinka ya warke. Amma ina da ido. Yanzu maimaita da sauti."

Na maimaita. Ta yi dariyar "na shiga uku" har da hawaye, Umma tana daga baya tana cewa ta bar ni haka. Ni ma na yi dariyar, kaɗan.

Litinin, 10 ga Maris

An yi. Mai walda ya kunna injinsa, na danna F4, na jira, na buɗe. Matar mai tabarau ta ce, "Yau ba ka shiga uku ba?" Na ce mata na gano dalilin, na bayyana lambar da fayil ɗin da filin. Ta yi rubutu. Sun ce za su neme ni. Ban sani ba.

Na koma dandalin na rubuta duk matakan a ƙarƙashin tambayata, har da maganar filin, saboda wanda zai zo bayana.

Laraba, 12 ga Maris

Ba saƙo tukuna. F4 yana aiki, na duba da safe, na kuma dubawa da rana.

Duk da haka na kira Yaya. An sabunta manhajar jiya, irin wannan yakan ɓata saiti, ya kamata a tabbatar. Ta ɗaga ta ce, "Gwaji ne?" Na ce gwaji ne.

Sai da muka ajiye na tuna ban danna maɓallin ba.