Ka Ɓoye Sunan Yayata na Karti, Ka Bar Wanda Gari Ke Kiranta da Shi

Zuwa ga Farfesa, babban lokotoro, wato likitan ƙwaƙwalwa, da ya yi bincike a Arewa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, ni ne tafintan da ya raka ka gida-gida a Dogon Dutsi damina uku da suka wuce, lokacin da kake binciken ciwon da kuke kira bipolaire, wanda kan ɗaga mutum har ya kasa zama wuri ɗaya, daga baya ya kwantar da shi har ya kasa fita ɗaki. Sau biyu na rubuto maka ta jami'a ban ji amsa ba, shi ya sa na fito fili, da izinin wadda abin ya shafa.

Na ɗaya. Na karanta rahotonka na Faransanci daga farko har ƙarshe, kuma aiki ne mai kyau. Na ga masana na kafa hujja da shi, ana koyar da shi ga ɗalibai a Yamai. Ma'aikacin asibitinmu ma ya ce da ni yanzu yakan tambayi mai baƙin ciki ko ya taɓa yin kwanaki cikin zumuɗi marar dalili. A da ba ya tambaya.

Na biyu. Cikin waɗanda ka yi hira da su akwai yayata. Ni na lallashe ta, ni na faɗa mata da Hausa alkawarin da ka yi, cewa sunanta ba zai fita ba. Ka cire sunan da ke kan kartinta na ɗan ƙasa, gaskiya ne. Amma a nan ba mai kiranta da shi, jikokinta ma ba su san shi ba. Lakabin da kakarmu ta sa mata, wanda ka ce ya burge ka, shi ka bari a shafin, tare da sana'arta da unguwarta. A ƙarƙashinsa ka rubuta abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba sai ni da kai: tana shan maganin asibiti, kuma duk shekara bayan girbi takan tafi wajen dangin mahaifiyarmu kusa da Lugu a yi wa doguwar gidanmu, wato iskar borin da muka gada, yanka. Ni ma da laifina, don ban ja kunnenka ba.

Na uku. Wata ɗaliba ƴar garin nan ta ci karo da shafin a aji, ta gane ta a layin farko. Ba da mugun nufi ta aiko wa mahaifiyarta saƙon murya ba, amma cikin mako guda ya zagaye kasuwa. Babban ɗan yayata ɗan kasuwa ne, mai tsantseni a addini. A bakin abokansa ya ji. Bai ɗaga mata murya ba. Ya dai daina cin abincin hannunta.

Na huɗu, kuma wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami. Wata huɗu ke nan ba ta taka asibiti ba. A ganinta duk abin da aka faɗa wa mai farar riga, gari zai ji. Maganinta ya ƙare. Alamun da ka lissafa a rahotonka ina ganinsu suna dawowa ɗaya bayan ɗaya: maganarta ta yi sauri, barcinta ya ragu, jiya ta buɗe rumbu ta raba wa maƙwabta hatsin da ya kamata ya kai ta kaka. Shekara shida tana zaune lafiya kafin wannan.

Ga abin da nake roƙo. A gyara shafin a duk inda gyara zai yiwu, a cire lakabi da unguwa. Ka koya wa ɗalibanka cewa a ƙasarmu sunan takarda ba shi ne sunan mutum ba. Sannan ka zo da kanka. Ni ta daina gaskata ni a wannan magana, tunda da bakina aka yi mata alkawarin. Kai ne ta zuba wa shayi, ta yi sa'a biyu tana ba ka labarinta. In kai ka nemi afuwarta, ka ce ta koma shan magani, ina kyautata zaton za ta ji.

Kafin in aika wannan wasiƙa na karanta mata ita. Ba ta ce in cire komai ba. Tambaya ɗaya ta yi, ko abin da ta faɗa maka ya taimaki wani mai irin ciwonta. Na ce ina jin haka. Ba ta gamsu ba, ta ce ni ba lokotoro ba ne. Wannan amsa taka ce, Farfesa, kuma tana jiranta.

Allah ya ƙara wa iliminka albarka, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kawo ka lafiya.

Wassalam,
Tafintanka na Dogon Dutsi.