Wa Ya Faɗa?

Talata, bayan isha'i

Yau Dakta, mai duba kundin digirina, ya dawo min da babi na biyu, duk ya yi masa jina-jina da jan biro. Inda na bayyana yadda 'yan wake a Kasuwar Gombe ke cusa hannu cikin buhu, in sun ji ɗumi su san ƙwaro ya shiga, nan ya rubuta: "Wa ya faɗa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, mahaifina ne. A rumfarsa na tashi."

Ya ce, "Mahaifinki ba madogara ba ne. Kawo littafi ko ki goge."

Har na iso unguwarmu Shamaki raina bai daina tafasa ba. Wato sai wanda bai taɓa ɗaga buhu ba ya rubuta, sannan ya zama ilimi?

Da na huce, na ga gaskiyarsa guda: ban nuna inda na samo ba. To, zan nuna. Gobe zan zaunar da Baba, in ɗauki muryarsa a waya, in rubuta rana da wuri.

Ba zan goge ba. Sunan Baba zai zauna cikin manazarta, sahu ɗaya da furofesoshi. In Dakta ya sake tambaya, ya duba shafin ƙarshe.