Ikilima a Bencin Baya

Zuwa ga mai girma Hedimasta, da mai girma Shugaban Ƙungiyar Iyaye da Malamai, Allah ya ƙara muku ɗaukaka.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi, ina fatan kuna lafiya, da iyali, da ɗawainiyar yara. Ni ne Maharazu manomi, na nan Baure, wanda ya kammala ajin yaƙi da jahilci bana har da takardar shaida. Da hannuna nake wannan rubutu, ba wanda ya riƙe mini biro.

Maganar 'yata ce Ikilima, 'yar aji biyar. Ranar da ta shiga ajin Malam Munzali, ya ji cewa ƙanwar Kalilu ce, ɗana da ya maimaita aji sau biyu a hannunsa. Sai ya ce 'yan gidanmu kansu ba ya ja, ya tura ta bencin baya, wanda yara ke kira layin daƙiƙai. Ba a yi wa 'yan wannan benci tambaya.

Zangon da ya wuce ta rubuta insha'i a kan girbin gero. Malam ya ce ya fi ƙarfinta, kwafowa ta yi, ya ba ta sifiri. Tun daga nan farar takarda take miƙawa.

Ranar Litinin na sa babbar rigata na je ajin, na roƙi a ba ta littafi ta karanta a gabana, domin a gida tana karanta mini shafi guda ba gargada. Aka ba ta. Leɓenta na motsi, murya ta ƙi fita, yara suka fara dukan benci. Malam bai yi faɗa ba, haƙuri ma ya ba ni. A hanyar gida ta roƙe ni in daina wahalar da kaina, wai Malam ya fi mu sani. Wannan magana ta fi komai ci mini rai.

Ina roƙon a dawo da ita gaba, ko na mako guda ne. Ban sani ba ko zai yi amfani yanzu.

Waɗanda suka shaida abin da ya faru su ne Malam Munzali, da Malama Hadiyya ta aji huɗu, da Sha'aban mai gadi. Duk za su faɗi gaskiya, ba ta karanta ba. Masu shaidar karatunta na gida kuwa ni ne da uwarta Maiturare. Ita Maiturare ba ta san boko ba, amma ta ce lallai in sa sunanta.

Ku huta lafiya.

Naku mai biyayya,
Maharazu Baure