Kwalin Takwara Bai Hau Jirgi Ba

Assalamu alaikum. Daga ofishin Babban Daraktan jiragen ruwan ƙasar Sin, Guangzhou, zuwa ga Malama Ummu Salma, Gwammaja, Kano.

Bayan gaisuwa, ina mai jego, ina angon ƙarni, ya ƙafar Inna? Allah Ya raya jariri Zayyad.

A watan da kika haihu an yi ta harbin jirage a Bahar Maliya, duniya ta rikice. Shi ne ƙaninki, wanda kuka yi wa takwara, ya ce muku yaƙi ne ya tsare kayan barkar da ya aiko. Yana nan lafiya, aikin ɗaure kwalaye bai fi ƙarfinsa ba. Ramar da ya yi ta rashin tuwo ce kawai.

To, jiya mai sito ya nuna masa kwalin a lungu, duk ƙura. Maimakon sunanki da lambar wayarki, "Na Yariman Guangzhou" ƙanin naki ya rubuta don tsokana, masu lodi suka rasa mai shi suka ture. Jirgin Legas ma ashe ba ta wannan tekun yake bi ba. Wata biyar Inna tana azumin Litinin don jirgi ya tsira. Rigunan kuwa yanzu ko kan yaron ba zai shige ba.

Ki faɗa wa Inna da bakinki, shi ya kasa. Don Allah kada ku canza wa yaro suna.

Yaya, babu wani Darakta. Ni ne Zayyad, ga kwalin a kan cinyata. Ki yafe mini.