Na sa an soke rukunin wasa, ashe don 'yata aka yi shi

Ejvind,

A shaida, a kuma sa a tarihin garinmu: ranar Larabar da ta wuce na kwaɓa fulawa da hannuna, na gasa burodin madara, kuma bai ƙone ba. Na kusa hamsin, ban taɓa yin bajinta irin wannan a kicin ba. Sai dai babu wanda ya zo ya ci. Ka taimake ni, don tun ranar na kasa karanta ko shafi ɗaya, ni da sayar da littattafai ne sana'ata.

'Yata Vigga tana aji biyu, shekararta takwas. A ajinsu, kamar ko'ina, akwai rukunin wasa: malama ta raba yara huɗu-huɗu, kowane wata, ranar wata Laraba, a je gidan ɗaya bayan an tashi daga makaranta, a yi wasa, a ci wani abu, iyaye su zo ɗauka. Ni abin bai taɓa kwanta mini ba. Yara uku da ba su zaɓi 'yarka ba, ita ma ba ta zaɓe su ba, su cika maka falo. Wannan ba ya cin cuku, wancan yana tsoron kyanwa, uban na ukun kuma ya tsaya a bakin ƙofa yana ba ka tarihin sabon injin ɗumama gidansa.

Ranar taron iyaye na farkon shekara matata Gitte tana wurin aiki a gidan kula da tsofaffi, sai na je ni kaɗai. Muka zauna a 'yan kujerun nan da gwiwar mutum ke taɓa haɓarsa, ga kofi, ga kek. Da aka zo kan rukunin wasa sai na miƙe. Na ce a ƙasar nan mun tsara shara, mun tsara hanyar keke, yanzu kuma mun koma tsara abota. Na ce saura kaɗan ƙaramar hukuma ta fara aiko wa kowane yaro sunan amininsa a ambulan. Na jawo masana biyu da suka mutu tun kafin a san wutar lantarki, suka goya mini baya. Aka yi ta dariya. Torben mai gyaran rufi ya bugi kafaɗata ya ce, "Kai, mai littafi, yau ka ceto mini Larabata." Aka ɗaga hannu, aka soke rukunin. Malamarsu Solvej ce kawai ba ta yi dariya ba. Ta dube ni ta ce, "Ka tabbata?" Na ɗauka haushin an rushe mata tsari take ji.

Da Larabar da a da za ta zama tamu ta zo, sai na ce bari in nuna abin da nake nufi da 'yanci. Na yi burodin, na ce wa Vigga ta gayyato duk wadda ranta ke so. Ta ce a bar shi. Na matsa mata. Ta karɓi wayata ta kira gida uku ina tsaye. Ta farko tana da darasin iyo, ta biyu tana gidan wance, uwar ta ukun ta ce za ta tambaya, ba ta sake kira ba. Vigga ta miƙo mini wayar, ba kuka, ba fushi, ta ce, "Ai na gaya maka, Baba. Ni sai in rukuni ne ake zuwa." Ta ƙara da cewa ta san ni na sa aka daina, wata 'yar ajinsu ta faɗa cewa baban Vigga ya ba kowa dariya.

Washegari na tare Solvej a wurin ajiye kekuna. Ta ce bara, a hirar da suke yi da kowane yaro kan yadda yake jin makaranta, Vigga ta gaya mata cewa in an fita wasa zagaya fili take yi kamar mai neman safar hannun da ta ɓata, don kada malamin da ke sa ido ya tambaye ta me ya sa take ita kaɗai. Ba mai dukanta, ba mai zaginta. Ba a dai tunawa da ita ne. Shi ya sa aka farfaɗo da rukunin, aka yi shi na kowa don kada a nuna kowa da yatsa. A gaban taro kuwa ba yadda Solvej za ta yi ta faɗi haka.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne Gitte ta ce ai an gaya mana wannan, a ganawarmu da malama, ina zaune. Wai murmushi na yi na ce ni ta gado, ta fi son littafi da mutane. Na tuna maganar. Na tuna har daɗin da na ji da na faɗe ta. Gitte ta ce, "Kai kam in aka ce ka zaɓa tsakanin 'yarka da magana mai daɗi, cewa za ka yi a ba ka lokaci."

Kwamitin iyayen aji zai zauna kwanan nan. In na koma na roƙi a dawo da rukunin, za a tambayi dalili, kuma a garin nan kafin motar safe ta tashi kowa ya ji. Sai Vigga ta zama yarinyar da ake gayyata don tausayi. In na yi shiru kuma, ga hunturu ya ƙarato, duhu tun la'asar, ita kaɗai a ɗaki. Gitte ta fara zancen sauya makaranta. Me zan yi?

Uban da ya ba kowa dariya, daga wajen Viborg

*

Ya kai uban Vigga,

Na karanta wasiƙarka, ni ma ta ba ni dariya, har na iso wurin safar hannu. Nan na ajiye kofina.

Ba duk abin da ka faɗa a taron ne shirme ba. Rukunin wasa ba ya ƙera abota, kuma nauyi ne ga mai aikin karɓa-karɓa da mai ƙaramin gida. Waɗanda suka ɗaga hannu ba mugaye ba ne, gajiyayyu ne, ka ba gajiyarsu baki mai kyau. Abin da ka kasa gani shi ne amfanin tsarin ɗaya ne tak: kada yaro ya zama sai ya roƙa kafin a zo gidansu. Ranar Laraba kai ka sa ta roƙa har sau uku, kana tsaye a kanta.

Ka fara da ita. Ka ba ta haƙuri da kalmomi gajeru, ba raha, ba sunan wani masani. Ka gaya mata za ka yi ƙoƙarin gyarawa, kuma ba za ka ambaci sunanta ga kowa ba.

Ka kuma riƙe wannan alkawarin, don ba ka buƙatar sunanta. Solvej ta iya rufa mata asiri a gaban iyaye duka, kai ma ka iya. A aji irin nasu da wuya a ce Vigga ce kaɗai ke sauraron gayyatar da ba ta zuwa, kuma wataƙila akwai wata uwa a wancan taron da ta ƙi ɗaga hannu, ba ka lura ba. Kafin zaman, ka ga Solvej da Torben. Ka je da abin da zai rage wa gajiyayyu nauyi: duk wanda watansa ya zo bai samu hali ba, kai za ka karɓi yaran, a gidanka ko a filin wasa. Mutane sun fi saurin yarda da dalilin da ya zo da hannun taimako.

Ka tambayi Solvej abin da makaranta za ta yi da lokacin fita wasa, don rukuni sau ɗaya ne a wata, filin nan kuwa kullum ne. Zancen sauya makaranta ku jingine shi zuwa bazara. Yarinyar da ba a tunawa da ita a nan, za ta isa can baƙuwa. Gitte tana da haƙƙin fushinta, amma kada taro na gaba ya wuce ba tare da ku biyu ba.

Kada ka sa ran ƙawa a watan farko. Abin da kake nema mata yanzu shi ne a buga ƙararrawar gidanku ba tare da ta ɗaga waya ba.

Ina yi wa Vigga fatan hunturu mai cike da hayaniya, ku kuma fatan haƙuri da juna. Ranar zaman, in an zo kanka, ka miƙe kamar yadda ka miƙe wancan karon. Za su gyara zama suna jiran dariya. Ka ce musu, "Na yi kuskure." Sai ka zauna.

Ejvind