Kwamfuta Ta Ce a Gyara

Litinin

Uwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya jikin ƙaramar, tarin ya sake ta? Ni ƙalau nake in ban da gwiwa, ita kuwa mun saba.

Kwamfutar da kika bar mini ce ta hana ni sakat. Kwana tara ke nan, duk safiyar da na kunna ta sai allon ya yi baƙi, ta ce tana binciken faifan ajiya. Ta ƙirga, ta ƙirga, sannan ta ce ta samu kurakurai, a gyara? In danna mata eh, ta ce ta gyara. Washegari mu koma gidan jiya. Shekaranjiya kuskure huɗu, yau goma sha ɗaya. Shekara talatin da biyu na yi ina duba kuskure a maɗaba'a, kafin su rufe ta su sallame mu da takardar godiya mai kuskure biyu a layin farko. Ban taɓa ganin kuskuren da za a gyara ya kwana ya haihu ba.

Littafin ne ya dame ni. Babi tara na rubuta a kan zamana da mahaifiyarki, Allah Ya jiƙanta, don 'ya'yanki su san ta ko a takarda. Duk suna cikin wannan akwati. In zauna, in tashi, in leƙa taga, in dawo in tarar kwamfutar ba ta kai rabin bincikenta ba. Shayina ya huce sau biyu.

Kada ki gaya wa mijinki. Zai ce a sayi sabuwa, maganin komai ke nan a wurinsa.

Ki shafa mini kan yaran.

Babanki

Alhamis

Uwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗi da kika ce tarin ya yi sauƙi. Allah Ya ƙara lafiya.

Na bi shawararki, na kai kwamfutar wurin mai gyaran nan da ke ƙarƙashin matakala a layin masu waya. Mace ce, ba ta kai ki shekaru ba. Ta kara kunne a jikin kwamfutar, ta ce in saurara. Na ji wani ƙas-ƙas kamar agogo mai ciwo. Ta ce faifan ne ke mutuwa, kurakuran alama ce kawai. Duk eh ɗin da na danna, na'urar yanke wurin da ya lalace take yi ta jefar gefe, in akwai rubutuna a wurin ya tafi tare da shi.

Ta tambaye ni ina kwafi. Na yi mata bayanin ƙa'idar aikinmu: da zarar an gyara shafi, tsohon yagewa ake yi nan take. Na taɓa ganin tsohon shafi ya kuɓuce ya shiga inji, littafi dubu uku aka ƙona. Saboda haka duk babin da na gyara sai in goge tsohonsa daga filashin ajiya da kika ba ni, na hannu kuma in yage. Sabon kuwa a cikin kwamfutar kaɗai yake. Ta fara dariya, ta dubi fuskata, ta haɗiye. Ta ce, “Baba, kai kam ka fi cutar iya aiki.”

Ni da na riƙe na ɗaya a aji shekara biyar, waɗanda suka kwafi amsata yau direba ke buɗe musu ƙofa, ga ni tsaye ƙarƙashin matakala ana koya mini ajiyar takarda.

Ta ce ranar Asabar za ta aro abin da zai kwashe faifan gaba ɗaya, in bar mata ita. Na ƙi. Akwai maganganun mahaifiyarki a ciki da ba na kowane ido ba ne. Ta ce to in tafi da ita, amma kada in kunna ko da wasa. Ga ta can a kan tebur, na rufe ta da tawul. Na share ɗakin nan sau biyu don in samu abin yi.

Ki gaida maigidan.

Babanki

Lahadi

Uwata,

Ina gaisuwa. Ina fatan kowa lafiya. Ni dai ga ni.

Na kunna ta ranar Juma'a. Ina wanke kofi na tuna cewa a babi na bakwai na rubuta an kwantar da mahaifiyarki a asibiti a hawa na biyu, alhali na uku ne. Na zagaya tsakar gida, na je bakin titi na dawo, abin yana cina kamar ƙaiƙayi. Na ce minti ɗaya, kalma ɗaya. Kwamfutar ta yi tambayarta, kafin in yi tunani yatsana ya amsa eh.

Jiya mai gyara ta kwashe babi takwas lafiya lau. Na bakwai ta buɗe mini, shafi talatin na 'yan akwatuna da alamomi marasa ma'ana. Ba ta yi mini faɗa ba, kujera ta turo mini. Da faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi.

Kin san abin da ke cikinsa: watanninta huɗu na ƙarshe. Na rubuta shi tun muryarta na kunnena, da tsokanar da take yi wa masu jinya, da abin da ta ce in faɗa miki in kin haihu. Tun safe nake ƙoƙarin sake shi da biro. Duk abin da na sa a bakinta sai ya fito da irin maganata, a tsare, babu gishiri. Ba haka take magana ba, kuma na kasa tuna yadda take yi.

Saura abu ɗaya, shi ne na yi ta kewaye-kewaye ban faɗa ba. Bara da kika zo na buga miki wannan babi kika tafi da shi. Bayan kwana biyu na kira ki na ce ki yage, cike yake da kuskure, zan aiko mai kyau. Kika ce kin yage. Ni na hore ki a kan kada ki yi mini ƙarya, kuma ban taɓa kama ki da ita ba. Yau roƙon Allah nake yi a ce kin yi mini ita sau ɗaya.

In yana nan, kada ki aiko mini, na san hannuna. Ki karanta wa yaran yadda yake, da hawa na biyun da komai. In kuwa kin yage, ki faɗa mini kai tsaye, ba laifinki ba ne.

Ina jiran amsarki.

Babanki