Maganin Mamanki Ya Canza Riga

Auta,

Na dawo na iske kin fita, mamanki kuma tana barci. Ga maganin hawan jininta nan a kan taga, bayan rediyo. An samu, alhamdu lillahi, katin inshora ya ɗauke mana nauyin.

Sai dai kada ki firgita, fari ne, ba jan da ta saba sha ba. Da na gani na ce wa mai kemis, "Ɗana, ka yi kuskure." Ya yi dariya ya ce, "Baba, shi ne dai. Jan nan laƙabi kamfani ya sa masa. Gwamnati ba ta biyanmu sai mun ba da mai sunan yanka, wanda likita ya rubuta." Ashe magani ma yana da sunan yanka da na wasa, kamar ɗan mutum! Na sa ya karanta min sunan, dogo ne kamar igiyar guga. Garin mamaki na baro hulata a kantarsa, ita zan koma ɗaukowa.

Kin san mamanki, in ta ga fari za ta ce alli na kawo mata, ta ƙi sha, ga jiri yana ta ɗibarta. Ki ba ta in ta ci abinci, ki tsaya har ta haɗiye, don tana ɓoyewa a haɓar zani. Ina so in dawo in iske tana yi min faɗa da ƙarfinta.

Babanki